Sulusin Mamaci da Tambayar da Ba a Yi Masa Ba

Wasiyyoyi da yawa da ake bari a garin Bauchi ba a ofishin lauya ake yin su ba. A bakin gado ake yin su, a gida ko a asibiti, murya ta yi ƙasa, mai magana yana gaggawa saboda yana jin lokaci na ƙure masa. Kalmomin kuwa kusan iri ɗaya ne: a fitar da wani abu a ba marayu; kada a manta da almajiraina; gonar nan ta 'yan uwana ce; sulusina na bar wa Malam, ya san inda zai kai. Waɗanda ke wurin sai su amsa da "in sha Allahu, Baba, za ka ma tashi," don ba mai zuciyar da zai tsayar da majiyyaci ya tambaye shi waɗanne marayu, almajiran wace shekara, 'yan uwa na ɗaki ɗaya ko har da 'yan turaka. Sai an share makoki an zauna rabon gado tambayar take dawowa, wanda zai amsa ta kuwa yana kushewa.

Da can, lokacin da sulusin mutum bai wuce 'yan shanu ko rumbun dawa ba, dattijan gida kan zauna su sasanta kafin la'asar. Yanzu abin da ake magana a kai gida ne a Jahun ko Kobi, fili a Fadaman Mada, rumfuna a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal, da kuɗin sallama da na fansho da ke ajiye a asusu. Kashi ɗaya cikin uku na irin wannan dukiya ya isa ya raba zumunci har jikoki. Tambayoyi biyu ne ke ƙarƙashin rigimar, masana shari'a kuma sun daɗe suna kokawa da su, a Ƙairawan da Alƙahira kamar yadda aka yi a Landan. Idan ba a iya tantance mutanen da aka yi wa wasiyya ba, wasiyyar tana nan ko ta faɗi? Sannan, mutum yana da ikon ya ce wani ne zai zaɓa masa waɗanda za su ci dukiyarsa bayan ransa, ko kuwa dole shi zai zaɓa da bakinsa?

Amsar ta danganta da ƙofar kotun da aka shiga, domin a Bauchi ƙofofin biyu ne. Tun da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usman Ɗanfodiyo, ya kafa garin a 1809, alƙalai da fiƙihun Malikiyya suke raba gado. Turawa sun ci Bauchi a 1902, suka bar wa kotunan alƙalai aure da gado, amma suka shigo da dokokin da ke aiki a Ingila ranar 1 ga Janairun 1900. Cikinsu akwai Dokar Wasiyya ta 1837, wadda ta ba mutum damar ya raba dukiyarsa gaba ɗaya yadda ya ga dama. Dokokin biyu sun yi karo a shari'ar Adesubokan da Yunusa. Wani Musulmi ne ya rubuta wasiyya a kan tsarin Turawa, ya fifita wasu 'ya'yansa a kan wani. Mai shari'a Mohammed Bello, wanda daga baya ya zama Babban Jojin Nijeriya, ya ce wasiyyar ba ta tsaya ba inda ta saɓa wa Malikiyya. Kotun Ƙoli ta rushe hukuncinsa a 1971, ta ce dokar 1837 ta rinjayi dokar addini. Hukuncin ya yi wa Musulmin Arewa zafi, shi ya sa daga ƙarshen shekarun 1980 jihohi irin su Kaduna da Kwara da Bauchi suka yi nasu dokokin wasiyya, suka cire wanda shari'ar Musulunci ke hawa kansa daga wancan 'yanci marar iyaka. A 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara a Ilori ta yi aiki da dokar Kwara a shari'ar Ajibaiye, ta soke wasiyyar wani Alhaji da ya rubuta ƙarara cewa a raba dukiyarsa a kan dokar Ingila. Sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya sa wasiyya da kyauta da waƙafi da gadon Musulmi cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Saboda haka Musulmin Bauchi, ko lauya ne ya rubuta masa wasiyya da Turanci mai hatimi, da ma'aunin Malikiyya za a auna ta. Kirista kuwa, ɗan asalin Tafawa Ɓalewa ne ko Bogoro ko Dass, ko ɗan kasuwar da ya zo daga kudu ya zauna a Yelwa, Babbar Kotun Jiha ce za ta duba tasa, da ƙa'idojin da aka gada daga Ingila.

Ginshiƙan wasiyyar Musulmi duk wanda ya karanta Risala ya san su. Ana fara da kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya daga sulusin abin da ya rage, sannan gado. Iyakar sulusi ta samo asali daga Sa'adu bin Abi Waƙƙas, wanda ya kwanta ciwo a Makka shekarar Hajjin Bankwana, ya nemi ya sadaukar da kashi biyu cikin uku aka hana shi, ya nemi rabi aka hana shi, aka amince masa da sulusi tare da nuna masa cewa shi ma da yawa. Ba a kuma yi wa magaji wasiyya. In an yi masa, ko an haura sulusi, sai abin da sauran magada suka yarda da shi, kuma a nan kyauta ce daga gare su.

Tun daga wannan ƙa'ida ta biyu rashin tabbas yake farawa, mutane kuma ba su cika lura ba. Ba ranar da aka yi wasiyya ake duba ko mutum magaji ne ba, ranar mutuwa ake dubawa. A ce mutum yana da ɗa namiji, ya yi wa ƙanensa wasiyyar rumfa. A ranar ƙanen ba magaji ba ne, ɗan ya kare shi. Idan ɗan ya riga uban rasuwa, babu kuma wani namiji da zai kare ƙanen, ya zama magaji, wasiyyar kuma ta rataya a kan yardar sauran. Haka in aka juya: ƙanen da yake magaji ranar da aka rubuta takarda zai iya fita daga magada saboda haihuwar da aka yi daga baya, wasiyyarsa ta inganta. Takarda ɗaya ce, ba a canza ko harafi ba, amma haihuwa da mutuwa a cikin gida suna canza hukuncinta.

Inda wannan ya fi taɓa zuciya shi ne jikokin da ubansu ya riga kakansu rasuwa. Muddin akwai baffansu a raye, ba su da rabo a gadon kakan. Masar ta magance wannan da doka a 1946, ta wajabta a fitar musu da kaso kamar an yi musu wasiyya. A kotunanmu babu wannan, don haka hanyarsu ita ce kakan ya tuna da su tun yana raye. Kakanni da yawa suna tunawa, amma sai su ce "jikokina" kawai. To, 'ya'yan marigayin kaɗai yake nufi, ko har da waɗanda iyayensu ke raye, waɗanda ƙila sun kai talatin? Har da 'ya'yan 'ya'yansa mata? Har da cikin da ba a haifa ba, tunda Malikiyya ta halatta wasiyya ga wanda za a haifa in ya zo da rai? Marayu huɗu da aka yi niyyar a rufa wa asiri sai su tashi da abin da bai kai kuɗin makarantar shekara guda ba.

Mukhtasar na Shaihu Khalil, wanda alƙalanmu ke komawa gare shi tare da sharhohinsa da Tuhfa ta Ibn Asim, ya zauna a kan wannan matsala da kyau, kuma abin da mai karatu zai fara gani shi ne yadda mazhabar ke ƙoƙarin ceto maganar mamaci maimakon ta jefar da ita. Waɗanda ake yi wa wasiyya iri uku ne. Akwai wanda aka ambata da suna. Shi sai ya karɓa bayan mutuwar mai wasiyya kafin ta tabbata, in kuma ya riga mai wasiyya mutuwa, ta faɗi. Akwai jama'ar da ba ta ƙirguwa, kamar talakawa, ko matafiya, ko babbar ƙabila irin Banu Tamim. Wasiyya gare su ta inganta, ba a bukatar karɓarsu, ba kuma dole a game kowa ko a daidaita rabo ba. Wasiyyi ne zai yi ijtihadi ya ba waɗanda ya samu ranar rabo. Sai na tsakiya, jama'ar da za a iya ƙirgawa amma ba a ambaci sunayensu ba, kamar "'ya'yan ƙanwata". A nan malamai suka yi saɓani a kan wanda ya mutu kafin rabo da wanda aka haifa bayan mutuwar mai wasiyya. Wannan rukuni na tsakiya, wanda ya fi kama da yadda Bahaushe ke magana, shi ne ya fi haifar da ƙara.

Littattafan ba su tsaya nan ba, sun bi kalmomin da mutane ke yawan faɗa sun sa musu iyaka. Wanda ya ce a ba faƙirai, miskinai sun shiga, haka in ya ce miskinai. Wanda ya ce a ba danginsa, dangin uba ake fara dubawa, na uwa ba sa shiga sai in babu na uba, magadansa kuma ba sa ciki. A cikin dangin ma ana fifita mabukaci ko da ya fi nisa a kan mawadaci na kusa. Wanda ya ce maƙwabtansa, matar maƙwabci tana ciki. Wasiyya ga masallaci ta inganta, ana kashe ta a kan maslahar masallacin. Har wasiyya ga wanda ya riga ya mutu tana inganta in mai wasiyya ya san ya mutu, sai a biya masa bashi da ita ko a ba magadansa. Wanda kuma ya ce a riƙa yin wani abu kullum ba tare da ya sa iyaka ba, kamar kunna fitilar masallaci kowane dare, ana lissafa wannan a matsayin sulusi cikakke idan ana kasafta shi da sauran wasiyyoyi. Duk mai cewa a ci gaba da sayen man janareton masallacin unguwa daga dukiyarsa ya kamata ya san wannan, domin jimlar nan ɗaya za ta rage rabon duk sauran da ya ambata.

Ina da ra'ayi a kan yadda ake amfani da waɗannan iyakoki. Khalil Bamisire ne na ƙarni na 14, ma'anonin da ya rubuta ma'anonin da mutanen zamaninsa ke nufi ne da kalmominsu na Larabci. Mazhabar da kanta ta ce lafazin wasiyya da waƙafi da rantsuwa a kan al'adar mai magana ake ɗora su, Al-Ƙarafi, wanda ya rasu a 1285, ya ma yi gargaɗi mai ƙarfi ga mai fatawa da ya tambayi al'adar garin mai tambaya kafin ya ba shi amsa. A Bauchi akwai mutanen da kawu ne ya rene su, a ɗakin inna suka girma, dangin uwa su ne suka san cinsu da shansu. Irin wannan mutum in ya ce "dangina", fitar da ɓangaren uwa daga wasiyyarsa don kawai haka aka rubuta a littafi bin harafi ne da barin maƙasudi. Alƙalin da ya kira shaidu ya binciki yadda mamacin ke amfani da kalmar, da waɗanda yake ciyarwa yana raye, bai fita daga Malikiyya ba.

Tambaya ta biyu, ta miƙa zaɓi ga wani, ita ce ta fi nauyi, kuma ita ce ta fi yawa a wasiyyar manyan 'yan kasuwa da malamai. Malikiyya ta yarda da ita. Idan mutum ya ce ya faɗa wa wane yadda za a yi da sulusinsa, a gaskata shi, to ana gaskata shi ba tare da ya kawo shaida a kan kowane suna ba. Amma akwai sharaɗi: in ya buɗe baki ya ce ai ɗansa aka yi wa wasiyyar, ba a karɓa, saboda tuhuma ta shigo. Haka idan aka ce masa ya sa sulusin inda ya ga ya dace, ba shi da damar ya karkatar da shi ga kansa ko 'ya'yansa ko makusantansa, sai in akwai dalilin da kowa zai ga dacewarsa. Wasiyyin da kansa sai ya zama Musulmi baligi mai hankali, adali, mai iya aikin; mace tana iya zama, makaho ma haka. In fasiƙanci ya bayyana gare shi daga baya alƙali ya cire shi. In an naɗa mutum biyu ba a raba musu aiki ba, tare za su yi, ɗaya ba ya zartar da komai shi kaɗai.

Turawan Ingila da wata fuska suka kalli al'amarin. A wurinsu duk amanar da kotu ba za ta iya sa ido a kanta ba, ba amana ba ce. A 1805 aka yanke shari'ar wata mata, Ann Cracherode, da ta bar ragowar dukiyarta ga Bishop na Durham ya kashe a ayyukan kyautatawa da karamci da ya ga sun dace. Ba wanda ya tuhumi Bishop ɗin da rashin gaskiya, amma kotu ta ce ba ta da ma'aunin da za ta gane ko ya cika amanar ko bai cika ba, don haka dukiyar ta koma ga dangi. Wadda ta fi wannan tsanani ita ce ta Caleb Diplock, attajirin da ya mutu a 1936 ya bar fiye da fam dubu 250 ga ayyukan sadaka ko na kyautatawa da wasiyyansa za su zaɓa. Wasiyyan suka raba kuɗin ga asibitoci da cibiyoyi 139. Daga baya dangi suka bayyana. A dokar Ingila ta wancan lokaci, sadaka tana da ma'ana ƙayyadajjiya, wato rage talauci, ilimi, addini da wasu ayyukan amfanin jama'a, kuma wasiyya gare ta ba ta faɗuwa don ba a ambaci masu karɓa ba. Kyautatawa kuwa ta fi haka faɗi. Tunda Diplock ya bar ƙofa a buɗe ga ɗaya ko ɗaya, Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda ita ce kotun ƙarshe a lokacin, ta soke wasiyyar a 1944, ta ce mutum ba ya barin wasu su yi masa wasiyya bayan ya mutu. Aka shiga bin cibiyoyin ana karɓo kuɗin da wasunsu sun riga sun yi gini da shi.

Daga baya Turawan sun sassauta. A shari'ar Gulbenkian ta 1968 da ta McPhail da Doulton ta 1970 aka tsayar da ma'aunin da ake amfani da shi har yau: idan an ba mai riƙon amana zaɓi a cikin wata jama'a, ba sai an iya jera sunayensu duka ba, ya isa a ce duk wanda ya zo ya tsaya, za a iya cewa yana ciki ko ba ya ciki. In kuwa rabo daidai aka umarta, sai an san kowa, don ba a raba abu daidai tsakanin mutanen da ba a san yawansu ba. Duk da haka faɗi yana da iyaka. A tsakiyar shekarun 1980 kotu ta ƙi amincewa da amanar da aka kafa don mazauna Yammacin Yorkshire, mutum kusan miliyan biyu da rabi, ta ce ba ta gudanuwa. Wasu shari'u biyu na ƙarshen shekarun 1970 suna da amfani gare mu. A ɗaya, wata mata mai suna Helen Barlow ta ce abokanta za su iya sayen zane-zanen da ta tara a farashi mai rahusa. Kotu ta amince, saboda kowane mai nema shi zai tabbatar da abotarsa, rabon wani bai rataya a kan yawan sauran ba. A ɗayar, ta iyalan Tuck, an gindaya sharaɗin auren Bayahudiya, aka ce in an yi saɓani babban malamin Yahudawa ne zai yanke, kotu ta bar sharaɗin ya tsaya. Ostareliya ta daɗe a kan tsauri: a 1950 babbar kotunta ta soke izinin da wani ya ba wasiyyinsa na ya ba mutanen da suka yi masa hidimar da ta cancanci sakayya, sai da jihohin ƙasar suka gyara da doka. A Ingila, mai shari'a Hoffmann ya ce a 1990, a shari'ar Beatty, babu wata ƙa'ida ta musamman da ta hana miƙa zaɓi a wasiyya, muddin izinin da aka bayar a fayyace yake.

Hukunce-hukuncen Ingila na bayan 1900 ba dole ne a kan kotunan Nijeriya ba, amma lauyoyinmu da su aka karantar da su, alƙalan Babbar Kotu kuma suna ba su nauyi. Don haka Kiristan Bauchi da ya rubuta cewa a raba ragowar dukiyarsa daidai tsakanin "abokan arzikina", ko ya bar ta ga limamin cocinsa ya yi "ayyukan alheri" da ita ba tare da ya fayyace ba, yana kasadar a soke wannan sashe, dukiyar ta koma kamar bai yi wasiyya a kanta ba. Ga kuma sharuɗɗan tsari da aka gada daga dokar 1837: rubutu, sa hannu, shaidu biyu a zama ɗaya, kuma shaidar da aka ba wani abu a cikin wasiyyar ya rasa abin.

Idan aka jera tsarin biyu, za a ga sun haɗu a wuri ɗaya: dukansu ba sa neman sunaye idan talakawa aka nufa. Inda suka rabu shi ne abin da suke yi da shakka. Dokar Turawa in ta yi shakka takan soke, dangi su ɗauka. Malikiyya in ta yi shakka takan zartar, ta jingina da amanar wasiyyi da idon alƙali. Ni na fi ganin rahama a hanya ta biyu, domin mutumin da ya ce a ba marayu ya faɗi abin da zuciyarsa ke so, kuma mayar da kuɗin ga magadan da suka riga suka sami kashi biyu cikin uku don kawai bai jera sunaye ba zalunci ne gare shi da marayun. Amma wannan sauƙi an gina shi ne a kan zaton cewa akwai alƙalin da ke kallo. A nan ne matsalarmu take, ba a cikin littafi ba.

Wanda aka ambaci sunansa a wasiyya yana da baki da ƙafa. In an hana shi zai je kotu. "Marayu" ba su da wanda zai shigar musu da ƙara, domin babu marayan da zai iya cewa shi aka nufa. "Almajirai" sun watse, wasu sun koma Darazo, wasu Ningi, wasu ba a san inda suke ba. Gado da yawa kuma a zauren gida ake raba shi, a kira malami ya buga lissafi, kowa ya ɗauki nasa, sulusin ya shiga hannun mutum ɗaya ba tare da ko takarda ba. Ba ina cewa wasiyyai maciya amana ne ba. Akasarinsu mutanen kirki ne da aka ɗora wa nauyin da ba su nema ba. Amma mutumin kirki ma yana mutuwa, sulusin da ke hannunsa ya gauraye da dukiyarsa, 'ya'yansa su gada ba su sani ba. Yana kuma shiga matsin magada, waɗanda za su riƙa zuwa suna cewa, "Allah gafarta Malam, ai mu ma marayun ne yanzu, Baba da yana nan ba zai so a kai waje ba." Wanda ba shi da rubutaccen umarni a hannu da wuya ya jure wannan har ƙarshe.

Rubutun ma shi kaɗai ba ya isa, kuma nan mutane da yawa ke tuntuɓe. A Malikiyya, in an sami takarda a akwatin mamaci, an tabbatar rubutun hannunsa ne, amma bai kafa shaidu a kanta ba, bai kuma ce a zartar da ita ba, ba a aiki da ita, domin mai yiwuwa tunani yake yi bai yanke ba. Wannan dalili ya kamata ya sa mai barin saƙon murya a WhatsApp ya yi hattara; abin da zai tsayar da maganarsa shi ne adilan da ya kira ya ce su shaida. Haka fom ɗin banki ko na wurin aiki da ake rubuta sunan makusanci a kai: ba wasiyya ba ne, wanda aka rubuta bai zama mai dukiya ba, wanda za a tuntuɓa ne kawai. Kyautar da aka yi a cutar ajali ita ma hukuncin wasiyya take ɗauka, daga sulusi take fita.

Gyaran da ke hannun mai wasiyya ba mai wuya ba ne in ya yi shi tun yana da lafiya. Inda zai iya ambatar suna ya ambata, da sunan uba da unguwa, don Muhammadu da A'isha sun yi yawa a kowane gida. Inda jama'a yake nufi, ya siffanta su da abin da ake iya dubawa: 'ya'yan ɗana wane da ya rasu, waɗanda ke raye ranar mutuwata, ɗaliban da ke makarantar a ranar rabo. Masallaci ya faɗi wanne, a wane layi, domin "masallacinmu" na iya zama na ƙofar gida ko na Juma'a ko na kasuwa, ƙungiyoyin addini kuma sukan rabe gida biyu kowane ɓangare ya riƙe sunan. In yana so ya bar wa wani zaɓi, ya bar masa, shari'a ta ba shi dama, amma ya faɗi cikin waɗanne mutane zai zaɓa, zuwa yaushe zai gama, wa zai gaje shi in ya mutu ko ya ƙi, wa kuma zai raba gardama in an yi saɓani a kan ko wane yana ciki. Ya kuma riƙa duba takardar duk lokacin da aka yi haihuwa ko rasuwa a gidan, tunda yana da ikon janye wasiyya ko canza ta har ƙarshen ransa.

Sauran gyaran na kotu ne. Tun 2001 da jihar ta sake tsara kotunan shari'a, ga kuma ɗaliban da kwalejin shari'a ta Misau ke yayewa, Bauchi ba ta rasa masu ilimin wannan babi ba. Abin da nake so in gani shi ne duk gadon da ya zo gaban alƙali kuma akwai wasiyya ga jama'ar da ba a ambaci sunayensu ba, kada a rufe fayil ɗin ranar da magada suka karɓi nasu. A rubuta adadin sulusin da sunan wanda ya karɓa, a sa masa ranar da zai dawo da jerin waɗanda ya ba da abin da kowannensu ya samu, a ajiye kwafi inda magada za su iya gani. Wannan ba sabon abu ba ne a fiƙihu, domin alƙali dama shi ne mai kula da wasiyyai da dukiyar waɗanda ba su da mai tsaya musu, kuma umarni daga ofishin Alƙalin Alƙalai ya isa ya mayar da shi aikin yau da kullum a kowace kotun shari'a ta jihar.